Kawu Mu-tafi Ya Zauna

Ƙanin mahaifiyata direban motar asibiti ne, irin farar motar nan mai jiniya da ake darewa a ba ta hanya. Mu 'ya'yan dangi Kawu muke ce masa, amma a wurin aiki da cikin unguwa Mu-tafi aka san shi da shi, don ita ce kalmar da ta fi yawa a bakinsa. Ko gaisuwa ce, kafin ka gama "ina kwana" ya amsa har da "ya iyali", ya kai bakin ƙofa. A tsaye yake shan shayi, yana hurawa yana kurɓa, makullin mota na lilo a ɗan yatsansa. Mahaifiyata takan ce tun da ta yi aure yake zuwa gidanta, amma bai taɓa ɗumama mata kujera ba.

Ina yarinya na ɗauka halitta ce kawai, kamar yadda wani yake da tsawo wani gajere. Sai da na girma mahaifiyata ta ba ni labarin inda abin ya samo asali. Wata rana da hantsi ciwon ƙirji ya kayar da kakanmu. Lokacin Kawu saurayi ne, yana koyon kanikanci. Aka nemi mota aka rasa, sai wata ta ɗaukar kaya da za ta shiga gari. Direban mutumin kirki ne, ya yarda ya ɗauke su, sai dai yana da buhunan mutane da zai sauke a hanya. Kawu ya zauna a baya, kan mahaifinsa bisa cinyarsa. Duk inda aka tsaya sai ya kwantar da tsohon a hankali, ya dira ya kama sauke buhu da kansa don a yi sauri. Da suka iso, ma'aikacin da ya fito ya taɓa wuyan kakanmu, ya girgiza kai, ya ce, "Da kun zo da wuri kaɗan." Wataƙila shi da ya faɗa ko tunawa bai ƙara yi ba.

"To wannan kaɗan ɗin," in ji mahaifiyata, "shi kawunki yake bi da gudu har yau, bai kamo shi ba."

Ya bar kanikanci ya koyi tuƙi, ya yi ta nema har aka ɗauke shi aiki a asibitin. Ya riƙe motar nan kamar amarya. Kafin kowa ya zo ya duba mai da ruwa da birki, ya juya hancinta ya fuskanci ƙofar fita don kada a ɓata lokaci wajen juyawa. Ya san kowane lungu da ake ratsawa in titi ya cushe, ya san ramin da ake kaucewa in mai karaya ne a baya. Nas-nas suna tsoron tuƙinsa, amma in abu ya yi tsanani shi suke cewa a kira.

Akwai wani labari da yake son bayarwa, ko da yake a tsaye yake ba da shi. Ya ɗauko wata mai naƙuda da abin ya zo mata da gardama, mijinta na zaune kusa da ita yana dukan ƙarfen da ya raba baya da gaba, yana ihu, "Direba, tafiya kake ko barci?" Allah ya sa aka sauka lafiya. Da mijin ya dawo hayyacinsa ya zo ba da haƙuri, amma ya rantse wuni guda suka yi a hanya. Nas ɗin da ta raka su ta ce in da an ɗora shinkafa lokacin da suka taso, da ba ta nuna ba suka iso.

"Duk cikinsu ba maƙaryaci," in ji Kawu. "Ni da nake riƙe da sitiyari na sani. Hanyar zuwa da ta dawowa ba tsawonsu ɗaya ba. In da mai numfashi sama-sama a bayana, titi miƙewa yake kamar roba, ina ganin ƙofar asibiti tana ja da baya. In kuwa na juyo ba kowa, kafin in gama hamma na iso."

A gida kuwa Allah ya haɗa shi da kishiyar halinsa. Matarsa tela ce, muna ce mata Inna Tela. Kekenta na ɗinki na bakin tagar falo, tsummoki a kwando, allurai a soke a jikin wani ɗan matashi da ta ɗinka da kanta. Mace ce da in za ta yanka yadi sai ta auna ta sake aunawa, ta tsaya ta dube shi kamar tana jiran ya ba ta izini. In ya tsaya a kanta yana kaɗa makulli, sai ta ce, "Maigida, sauri fa shi ya haifi nawa."

Shi kuma ya ce, "Nawa kuma ta haifi gawa. Mu tafi."

'Yarsu ɗaya ce, sa'ata, yana ce mata 'Yar Baba. Yana sonta kamar ransa, wannan ba mai musu. Sai dai son nasa duk a guje yake. Tana ƙarama ya sayo mata keke ja mai ƙararrawa, ya ce ranar hutunsa zai koya mata. Ranar hutun aka kira shi. Mako na gaba abokin aikinsa ba lafiya, ya karɓar masa. Inna Tela ta gaji da tuntuɓe da keken, ta sa aka rataye shi a bangon ɗakin ajiya. Ran nan, Allah ya kawo wani hutu da ba a kira shi ba, ya shiga neman wani abu ya ga keken. Ya sauko da shi, ya goge ƙura, ya ba tayoyin iska, ya fito tsakar gida yana ƙwala kira. 'Yar Baba ta fito da littattafan jarrabawar fita sakandare a hannu. Ta tsaya kusa da keken, sirdin bai kai mata gwiwa da yawa ba. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Kawu bai yi dariya ba. Ya dubi matarsa ya ce, "Ba bara na sayo shi ba?"

Ta ce, "Wace bara?"

Ya tsaya yana duban yarinyar kamar wani ya musanya masa ita. Na tabbata abin ya taɓa shi, don kyauta ya ba maƙwabta keken a ranar, bai ƙara maganarsa ba. Amma washegari da sassafe makulli na yatsansa. Haka yarinyar ta gama karatu, ta sami aiki a wani gari, ta yi aure. Ranar da za a kai ta ma yana ta duba agogo, wai kada a bar masu mota suna jira.

Saura kaɗan ya yi ritaya abin ya same shi. An daɗe ana gaya masa jininsa ya hau, yakan ce zai ga likita in ya sami sarari, alhali kullum a ƙofar likitoci yake ajiye mota. Da safe ne, ya sunkuya zai ɗaura takalmi, sai hannun dama ya ƙi kama igiyar. Ya buɗe baki zai kira Inna Tela, maganar ta fito a karkace. Ƙarar faɗuwarsa ta ji daga kicin.

Motarsa ce ta zo ɗaukarsa, wani direba da shi ya koya wa aikin yake tuƙawa. Shekara da shekaru yana jan motar nan, bai taɓa kwanciya a bayanta ba. Daga baya, da bakinsa ya ɗan saki, ya gaya mana abin da ya gani. Ba titi, ba taga, sai rufin mota da wani ɗan tabon tsatsa kusa da fitila. Yana jin jiniya kamar daga wata unguwa take tashi. Yana ƙoƙarin gane inda suke ta yadda motar ke karkata: yanzu mun wuce gidan mai, yanzu za a sha kwana. Amma kwanar ta ƙi zuwa. Ya ce a cikin motar nan ya tuna mahaifinsa, ya tuna makarantar da ya bari, ya yi faɗa da mutane ya shirya da su, duk ba a kai kwanar ba.

Shi ya sa da direban ya zo duba shi a gadon asibiti, maimakon godiya sai Kawu ya harare shi da ido ɗaya mai lafiya, ya ce da ƙyar, "Haka... na koya maka?"

Inna Tela ce ta amsa wa direban. "Kai Maigida, ka ji tsoron Allah. Bawan Allahn nan tashi sama ne kawai bai yi ba. Ni da nake ciki sai da na yi kalmar shahada."

Kawu ya rufe ido. Can ya miƙa hannun hagu, direban ya kama.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka sallame shi ya dawo gida da sanda da jakar magunguna, mai gashin ƙashi yana zuwa yana motsa masa hannu da ƙafa. Aka ajiye masa kujera a falo, daura da keken ɗinki, don Inna Tela ta riƙa ganinsa tana aiki. A wannan lokacin nake yawan zuwa, don gidana ba nisa, kuma a nan na ga abin da ban taɓa zato ba: Kawu a zaune, rana tana wuce shi a hankali.

Ciwon bai dame shi kamar yadda wunin ya dame shi ba. A sha shayi, a ba shi magani, a share ɗaki. Sai ya dubi agogon bango, ya dubi taga, ya ce, "Azahar ta yi?"

"Yanzu fa na kwashe kofuna."

Jim kaɗan ya ce agogon nan ya tsaya, a canza masa batir. Aka canza. Ya ce sabon ma na jabu ne. Ya yi faɗa da mai gashin ƙashi, wai yana ja masa rai da gangan. Ya yi faɗa da ni don na ce masa sannu sau biyu. Mutumin da ya saba ana kauce masa a titi, yanzu kafin ya kai banɗaki ya dawo shayinsa ya huce. Wata rana na same shi ya juya fuska bango, Inna Tela ta yi mini alama da ido in yi kamar ban ga hawayen ba.

Ina nan zaune ina taya ta cire zare a jikin wata riga ranar da ya yi mata tambayar. Ɗakin shiru sai ƙarar keke. Hasken rana ya shigo ta taga ya kwanta a kan tabarma, Kawu ya zuba masa ido tun yana gefen ƙofa.

Ya ce, "Tela."

"Na'am."

"Wai dama haka ranakun gidan nan suke da tsawo?"

Ta ɗaga ƙafa daga keken. "Haka suke tun ranar da ka kawo ni."

"Kullum?"

"Kullum. Ka fita, in share, in dafa, in ɗinka riga guda cur, in duba waje rana ko tsaka ba ta kai ba. In na ji jiniya daga nesa sai in tsayar da keke in saurara, in ce ko kai ne, ko lafiya kake. Ta wuce, in ci gaba. Da yarinya tana nan da sauƙi. Da ta tafi, har magana nake da almakashi."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"A ina zan faɗa maka? A bakin ƙofa?"

Ba da zafi ta faɗa ba, har da ɗan murmushi. Ta mayar da ƙafa kan keke. Kawu ya ce, "Ni kuwa gani nake jiya-jiyan nan aka kawo ki."

Ta ce, "To ai ka more."

Mai gashin ƙashi ne ya ce a samar masa abin da zai riƙa yi da yatsu, ko wake ne a ba shi ya tsince. Kawu ya ce shi ba kaza ba ne. Sai Inna Tela ta miƙo masa wani siket da mai shi ta ce ya yi mata kaɗan, ta ce ya farke mata ɗinkin gefe. Ta danne masa yadin a ƙarƙashin hannun da ya mutu, ta sa masa ɗan abin farke ɗinki a na hagu. Ranar farko ya huda yadin, ta ce ba komai, a cikin lanƙwasa ne. Ya jefar, ta ɗauko ta mayar masa. Aiki ne da ba ya son gaggawa ko kaɗan: ka sa bakin ƙarfen a ƙarƙashin zare ɗaya, ka ɗaga, ka koma na gaba. In ka ja da ƙarfi ka yaga kayan mutane.

A hankali hannun ya saba. Wata rana na shigo na yi sallama bai amsa ba, kansa na sunkuye, tabarau a kan hanci, harshe a gefen baki kamar ɗan makaranta. Inna Tela ta ce, "Maigida, ka ajiye haka nan, la'asar ta yi."

Ya ɗago. "Wace la'asar?"

"Ta yau."

Ya dubi agogon da ya sha zagi, ya dubi tarin zaren da ke cinyarsa. Ya ce, "Ikon Allah. Ina wunin ya shiga?" Sai ya fashe da dariya, dariyar farko da na ji daga gare shi tun da ya kwanta, rabin bakinsa na yi rabi na kallo.

'Yar Baba takan zo in ta sami hutu. Aikinta mai cin rai ne, waya ba ta barinta ta gama loma. Takan durƙusa gabansa ta riƙe hannunsa, wayar na ruri a jaka, ta ce, "Baba, wallahi wata mai zuwa zan zo in yi mako guda." Yakan ce, "Allah ya kai mu. Tashi kada ki rasa mota." In ta fita sai ya bi ƙofar da kallo. Sau ɗaya na ji ya ce wa matarsa, "Da gaske take, kin sani. Har zuciyarta take faɗa." Bai taɓa yi mata ƙorafi ba.

Da ƙafar ta ɗan yi ƙarfi ya fara fita da sanda zuwa bakin layi sayen burodi. Tafiyar da yaro zai yi ya dawo kafin ruwa ya tafasa, shi takan cinye masa hantsi. A nan ya gano layin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki. Ashe mai wankin da ke kusurwa kurma ne, shi ya sa bai taɓa amsa masa hon ba. Ashe akwai wani tsohon malamin makaranta gida uku da nasa, wanda ya tare shi da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa unguwarmu, yaushe kuka tare?" Da Kawu ya gaya masa ko shi wane ne, malamin ya riƙe baki. "Kai ne mai farar motar? Ai ban taɓa ganin fuskarka ba, ƙeyarka kawai na sani."

Suka zama abokai. Kuma wannan malamin ne wata ranar da rana tsaka ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa. Aka yi waya asibiti, matan gidan suna ta kuka suna leƙen titi, kowa na cewa motar ta ƙi zuwa. Kawu ya ja ƙafa ya isa. Ba abin da zai iya ɗagawa, ba motar da zai iya ja. Sai ya sa aka kwantar da malamin ta gefe, aka sassauta masa wuyan riga, aka matsa a ba shi iska. Ya zauna a ƙasa kusa da kansa, abin da sai an kama shi zai iya tashi daga gare shi, ya riƙa yi masa magana a hankali.

"Malam, ina nan. Suna hanya. Za ka ga kamar sun daɗe, ba su daɗe ba. In an sa ka a ciki ma za ka ga tafiyar ta ƙi ƙarewa, kada ka tsorata, haka take yi wa kowa. Kai dai ka yi ta numfashi."

Motar ta iso aka tafi da malamin. Ya sami sauƙi, ko da yake shi ma da sanda ya dawo. Ya ce bai riƙe komai na ranar ba sai muryar Kawu. Yanzu su biyu suke zuwa sayen burodin, suna tafe suna gardama a kan wa ke jiran wani.

Kwanan baya na kai wa Inna Tela ɗinki. Kanta ya yi fari fat, idonta ya fara rauni, sai ta kai allura kusa da taga take ganin kafar. Kawu ya fita, muna jiyo muryarsa daga waje shi da malamin. Na ce mata ta yi ƙoƙari, shekarun nan na jinya ba ƙaramin abu ba ne.

Ta ajiye awon da take yi ta dube ni. "Kowa haka yake ce mini, sannu da haƙuri. Ina amsawa don kada a ce ba ni da kunya. Amma ke 'yata ce, bari in gaya miki. Ba na yi masa fatan ciwo, Allah ya sani. Sai dai zaman auren da na yi, a shekarun nan na yi shi. Mu karya tare, ya farke in ɗinka, ya ba ni labarin mutanen da ya ɗauka, wasu in yi kuka wasu in yi dariya. Ashe mutumin nan yana da hira." Ta ja tsaki kaɗan. "Abin haushin, da can roƙon rana nake ta faɗi ta ƙi. Yanzu da nake son ta tsaya, kafin in juya an kira magariba. Ko mako ban san yadda yake ƙarewa ba."

Ta ɗauki tef ɗin awo ta rataya a wuya, ta ce in miƙe tsaye in ɗaga hannu, wai ta ga kamar na ƙara ƙiba.